Kakar da Wayoyinmu Suka Riƙa Zuwa Kaduna Su Kaɗai

Jiya aka sauke mana gyaɗar bana a tsakar gida, ɗanya, da ƙasarta da harawarta. Na zauna tsinka da hantsi, zafin nan na ƙarshen damina ya taso, irin wanda rana ke dukan mutum ta sama, ƙasa kuma tana mayar masa da tururi. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke jikin ɓawon ya shiga hancina. Na daɗe riƙe da gyaɗa a hannu kafin na gane abin da ya taso mini. Wata kaka ce na tuna. In an lissafa shekaru ba ta yi nisa ba, amma a jikina kamar ta daɗe ƙwarai.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce. Yaƙi da jahilci na shiga bayan na yaye autana, na koyi karatu da rubutu daidai abin da zai ishe ni. Mai karatu a gidanmu shi ne Nasiru, na uku a ɗakina, shi ya sa bakina ke iya kama sunansa. A jami'a ya karanci ilimin ƙasa da taswira, ya ƙware a wani fanni da na daɗe ban gane ba: karanta hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama. Ya ce a hoton ana gane gona da daji, ana gane inda ruwa ya kwanta da inda shuka ta ƙone.

Da ya gama bautar ƙasa ya dawo Birnin Gwari, sai neman aiki ya zama shi ne aikinsa. Da safe gona, da yamma shagon kwamfuta na kusa da tasha. Hotonsa na fasfo an wanke shi har mai hoto ya daina tambayarsa guda nawa. Wasu wuraren su ce sai wanda ya taɓa aiki, wasu su ce sai ɗan asalin wata jiha, mafi yawa kuma ko amsa babu. Farar rigarsa guda ɗaya ce ta zuwa jarrabawa, ni nake goge masa ita da dutsen guga na gawayi, har wuyanta ya fara cinyewa na juya shi na ɗinke. Abin da ya fi damunsa shekaru. Kowace sanarwa tana da iyakar shekarun da ake ɗauka, shi kuma ya zo bakin iyakar. Ya taɓa ce mini in kakar nan ta wuce, sauran ƙofofin ma rufewa za su yi.

A tsakiyar daminar wannan shekarar ya je Kaduna ya rubuta jarrabawar wata cibiya ta gwamnati da ke Abuja, wadda aikinta ke nan, karanta hotunan tauraro. Ya dawo fuskarsa a sake, abin da na daɗe ban gani ba. An ce musu waɗanda suka ci za a kira su ta waya, su amsa cewa za su zo ganawa. Wanda ba a samu ba za a ba na bayansa.

Masara tana gab da bushewa aka wayi gari babu sabis. Da farko mun ɗauka ruwan da aka yi ne ya taɓa ƙarfen sabis ɗin. Sai rediyo ya faɗa cewa da gangan aka rufe layukan, saboda mutanen daji, don a yanke musu magana da masu kai musu rahoto. Aka hana hawa babur. Aka rufe kasuwannin mako. Aka hana sayar da fetur a jarka.

Duk wanda ya zauna a garin nan a lokacin ya san abin da wannan ya jawo a cikin gida. Injin niƙa ya tsaya, babu mai. Muka koma turmi. Dutsen niƙan surukata, da muka mayar da shi wurin ɗora bokiti, muka wanke shi muka ɗora a kan buhu. Da asuba surfe, kafin rana ta ɗaga a shanya, da azahar niƙa, gwiwa a ƙasa, gumi yana ɗiga cikin garin kana sharewa da gefen zane. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yin wani. Gishiri ya yi wuya, manja ya zama na gani a kwalba. Miyar kuka muke kaɗawa da daddawa kawai, rana kuma dafaffiyar masara ko kwaɗon rama. Yanzu jikokina sukan bar tuwo a kwano don miyar ba nama, nakan dai kwashe in ɗumama da safe.

Ga shi rumbu ba komai. Babbar gonarmu tana Gayam, can ne abincin shekara ke fitowa, amma tun daminar da ta gabata mijina, Malam Garba, bai taka ta ba. Wanda ya je, ko dai ya biya mutanen daji kafin ya sa lauje, ko a tafi da shi. Ƙaramar gonar bayan gari ce ta rage mana, ita muka cusa wa masara da gyaɗa da ɗan layin dawa. Babu babur na ɗauko kaya, sai baro da kai. Hadari kuma bai gama ba. Kullum da la'asar gabas takan yi baƙi, kowa ya ruga kwashe shanya.

A cikin wannan hali aka fito da dabarar wayoyi. Maƙwabcinmu Baban Ladi direba ne, mutumin kudancin Kaduna, ya fi shekara ashirin a unguwarmu, matarsa Maman Ladi kuma ita ce ƙawata ta kusa. Motocin haya ba sa fita sai a jere, da rakiyar sojoji, kuma ba kullum ba. Ranar da za a fita, mutanen unguwa sukan kawo wayoyinsu a kashe, ya zuba a wata jakar fata ya tura ƙarƙashin kujera. In ya isa Kaduna sai ya kunna su ɗaya bayan ɗaya a shagon mai caji, saƙonni su faɗo, ya kashe ya dawo da su. Da yake ina iya rubutu, ni ake kawo wa in rubuta sunan kowa a farar takarda in manne a bayan waya. Haka wayoyinmu suka riƙa zuwa Kaduna suna dawowa, mu muna zaune.

Akwai wata doka da ba wanda ya kafa ta amma kowa yana binta tun kafin a rufe layi. In baƙuwar lamba ta kira ta tambayi wane, ba a cewa ga shi. Ba a faɗin inda yake, ba a faɗin ranar da zai yi tafiya. An sha ganin wanda aka kira gidansa da murya mai daɗi aka tambayi yaushe zai taso, sai labarinsa a daji. Yara ma sun san wannan.

Nasiru bai so rabuwa da wayarsa ba, amma a hannunsa ba ta da amfani. Duk fita sai ya ba Baban Ladi. Duk dawowa sai ya tsaya a ƙofar gida ya kunna, ya duba, ya sa a aljihu. Na koyi karanta bayansa. In ya shigo kafaɗarsa a sauke, ba na tambaya, abinci kawai nake tura masa.

Wata rana muna ɓarar masara a rumfa, rediyon Malam yana rataye a jikin ginshiƙi, aka ce 'yan majalisa suna ja-in-ja a kan kuɗin da ake nema don harba sabon tauraro. Malam ya yi tsaki ya jefa totuwa cikin kwando. Ya ce mutum ya kasa zuwa gonarsa da ke nan Gayam, su kuma hanyar sama suke nema. Ya ce da kuɗin a gyara hanyar Kaduna, a sayo taki, a ƙaro sojoji. Nasiru ya yi ƙoƙarin yi masa bayani cikin ladabi, cewa da hoton sama ake gane sansani a cikin daji, ake gane gonakin da aka bari.

"To wanda ke can sama yanzu makaho ne?" in ji Malam. "Da rana tsaka suke fitowa a jere."

"Yana gani, Baba. Hoto ne ba ya karanta kansa. Sai an sa mutum."

"Mutumin kuma kai ne."

"In an ɗauke ni."

Malam ya ƙara wa rediyon murya. Ni ma a raina ina da irin tambayarsa, sai dai ban yi ta a gabansa ba. Da Nasiru ya shigo madafa ɗaukar ruwa na tambaye shi a hankali ko aikin nan mai ɗorewa ne, ko za a riƙa biyan albashi. Ya tsaya da moɗa a hannu. Ya ce shi ma bai sani ba. Wani abokin karatunsa ya faɗa masa irin waɗannan wuraren wata shekara kuɗi su fito, wata shekara na'urori su kwana a rufe da leda. Ya ce wani lokaci shi kansa yakan ji kunyar kare maganar, in ya ga abin da muke ci. Amma shi kaɗai ne aikin da ya karanta, kuma shi kaɗai ne ya kira shi jarrabawa.

Ranar da abin ya faru, motoci sun shigo da la'asar. Baban Ladi ya raba wayoyi a ƙofar gidansa, sannan ya biyo Nasiru har cikin gidanmu, ya yi sallama, ya ce yana son ganin Malam. Fuskarsa ta mutumin da ya yi abin kirki ce. Ya ce mu gode wa Allah. Yana shagon caji wayar Nasiru ta yi ta ƙara, lamba ba suna. Da ya ga ba za a daina ba ya ɗauka. Wani mutum ne, ya fara da Turanci, ya koma wata Hausa a karye. Ya faɗi sunan Nasiru cikakke har da na mahaifinsa. Ya tambaya ko yana Birnin Gwari. Ya tambaya yaushe zai iya tasowa.

"Da na ji haka, Maman Nasiru, na ce yau ga su. Na ce masa ni wayar nan a kasuwa na saya, ban san mai wannan suna ba, kada ya sake kira."

Malam ya ce madalla, Allah ya saka. Ni ma bakina ya buɗe zan yi godiya, sai na ga Nasiru yana kallon lambar. Ya shiga ɗaki ya fito da katin da aka ba su a wurin jarrabawa, ya haɗa da wayar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, su ne."

Baban Ladi ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce wallahi ko ɗansa ne ma haka zai yi, kuma duk mun san gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya ga laifinsa, shi ne ma abin ya fi ciwo, don babu wanda za a yi wa faɗa.

Hanya ɗaya ce ta rage: Nasiru ya bi motocin da za su fita washegari, ya kira da bakinsa da zarar sabis ya shigo, in Allah ya sa ba a ba wani gurbin ba. Malam ya ce ba inda za shi. Kwanaki kaɗan kafin nan aka tare wata mota a hanyar, har lokacin ba a ji ɗuriyar mutanen ciki ba. Ga sauran masara a gona, ga hadari, ga shi ba wani namiji a gidan sai su biyu. Ya ce ba zai ba da ɗansa ga hanyar nan ba saboda aikin da su kansu masu shi ba su san ko za a ba su kuɗinsa ba. Nasiru ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yi wa mahaifinsa musu ba, kuma na san ba zai fara ranar ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma a zamanmu ban saba tsallake maganar Malam ba. Na tashi na shiga madafa na ɗebo garwashi na zuba a dutsen guga. Na shimfiɗa bargo a kan tabarma a tsakar gida, inda yake zaune, na ɗauko farar rigar na fara gogewa. Ya daɗe yana kallona. Ni ma hanyar nake gani a gabana, kowace kwana da kowane rami.

Ya ce, "Kin san abin da kike yi?"

Na ce, "Na sani, Malam. Masarar ni zan ɗauko."

Da asuba ya riga kowa fita gona. Amma da na je ɗaura wa Nasiru guzurin gyaɗa, na tarar da carbin Malam a kan jakar.

Baban Ladi ya sa shi a gaba, kusa da shi, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Na tsaya a bakin titi har jerin ya wuce, motar sojoji a gaba, wata a baya. Daga nan ba abin da ya rage sai jira, kuma jira ne da ba waya a cikinsa. Yanzu in ɗana ya tafi ko Kaduna ne, kafin ya kai rabin hanya na kira shi na ji muryarsa. A lokacin, mutum in ya sha kwana ya ɓace maka ke nan sai ranar da ka gan shi.

Na tafi gona. Maman Ladi ta zo da baronta da matan unguwa, ba wanda ya kira su. Malam yana karya, mu muna kwasa. Ganyen masara busasshe yana yankan hannu, ƙaiƙayi yana shiga wuya, rana kamar an kifa mana tukunya. Ina ɗauke da buhu a kai ina bin siririyar hanyar, duk ƙarar da na ji daga yamma ko gabas sai in tsaya. Da la'asar ruwa ya sauko da iska, muka rufe abin da muka iya, sauran ya jiƙe. Ban damu da masarar ba.

Washegari ya kamata motocin su dawo. Ba su dawo ba. Kafin azahar magana ta zaga gari cewa an ji harbi wajen wata gada. Wani ya ce motocin da suka fita ne, wani ya ce masu dawowa, wani ya ce ba motoci ba ne ma, ƙauye aka shiga. Ba wanda ya gani da idonsa, ba wanda za a kira. Ban taɓa tsayawa a tasha cikin maza ba sai ranar. Ni da Maman Ladi muka tsaya a gindin wata bishiya, ita tana addu'arta ina tawa, har rana ta faɗi muka koma gida. Na kaɗa miya na manta ban sa daddawa ba. Malam ya ci a haka.

Sai da wata ranar ta kai azahar motocin suka shigo, taɓo har gilashi. Na hango ta Baban Ladi, kujerar gaba wata tsohuwa ce a zaune. Babu Nasiru. Baban Ladi ya hango mu, ya fito bai ko kashe mota ba, yana ɗaga hannu yana cewa lafiya, lafiya lau. Sojoji ne suka tsayar da su suka kwana a hanya saboda harbin, ba su aka taɓa ba.

Ya ba mu labari a tsaye. Suna kaiwa inda sabis ke farawa Nasiru ya kunna waya ya kira. Mutumin ya ce an riga an rubuta ba a same shi ba, kuma wani ya ce masa wayar ta kasuwa ce. Baban Ladi ya faka a gefen titi, abin da ba a yi a jerin rakiya, ya karɓi wayar ya ce shi ne ya yi ƙaryar, ya faɗa masa dalili. Sannan mutumin ya ce yaron ya zo, zai ga abin da zai iya yi. Baban Ladi da kansa ya kai shi tashar Abuja.

Mun gama masara, mun cire gyaɗa, dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, sannan Nasiru ya dawo. Ya rame, rigar ta yi datti a wuya. Na kawo masa ruwa da fate, na zauna nesa kaɗan. Malam yana gyaran lauje a rumfa, kamar ba ya saurare.

Ya ce ya daɗe yana jira a Abuja kafin aka yi ganawar. Mutum huɗu ne a bayan tebur. Da suka ji daga inda ya fito da yadda ya zo, ɗaya daga cikinsu ya kunna wani babban allo ya buɗe hoton yankinmu, ya ce ya karanta musu abin da ya gani. Ya nuna musu gari, ya nuna hanyar Kaduna, ya bi rafi da yatsa har Gayam. Ya nuna musu gonakin da aka noma da waɗanda ciyawa ta cinye, ya ce waɗanda ciyawa ta cinye sun fi yawa. Ya nuna wasu sababbin hanyoyi sirara da suka ratsa daji, waɗanda ba na shanu ba ne. Suka ce ya ci. Suka ce sunansa yana cikin waɗanda za a ɗauka. Sai dai ɗaukar ba za ta yiwu ba sai an saki kuɗin da aka yi musu alkawari, kuma ba su san ranar ba.

Malam ya ajiye laujen.

"Hanyoyin nasu ma ana gani?"

"Ana gani, Baba."

"To tunda suna gani, me suke jira?"

"Kuɗi. Ni ma shi aka ce in jira."

Malam ya ce masa ya ci abincinsa kada ya huce, gobe akwai yankan dawa.

Nasiru yana koyarwa yanzu a wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin gari, yana kuma noma tare da mahaifinsa. Shekarunsa sun wuce iyakar da ake sawa a sanarwa, ya daina zuwa shagon kwamfuta. Daga Abuja, har kakar bana ba a kira ba.